Tsirkiyar Walƙiya

Duk wanda ya taɓa zama a falonmu har ya kai ga shan ruwa, to ya ji labarin tsirkiyar nan. Mai gyaran famfo ya ji. Matar da ke zuwa motsa wa Baba hannu tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye ta ji har ta haddace. Akwai ma wani bawan Allah da ya yi ɓatan kai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa yana tambayar hanya, shi ma bai tsira ba.

Labarin dai ɗaya ne. Lokacin da Baba yake saurayi shi ne mai kaɗa jita a wata ƙungiyar kiɗan rok irin na Turawa da ake kira 'Yan Tsawa, kuma ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, sai Walƙiya. Gashi har kafaɗa, wando matsattse, ga tsalle. Sun yi wani babban wasa a filin ƙwallo da la'asar, mutane har kan katanga. A waƙar ƙarshe mawaƙinsu, wanda ake ce wa Ƙaho, ya yi shiru ya ja da baya, aka bar jita ita kaɗai tana magana. Ana tsakiyar haka sai tsirkiya ɗaya ta tsinke.

"Tas! Ta tsinke," in ji Baba, da bakinsa da ya ɗan karkace. "Na ce mata, ke tsinanniya, yau kika ga dama? Na ci gaba da sauran biyar ɗin. Auta, da biyar fa! Filin nan sai da ya girgiza."

Daga nan sai ya sa hannun hagu a ƙarƙashin matashi ya jawo gwangwanin alawa, ya buɗe da haƙori, ya nuna wa baƙo tsirkiyar a naɗe, ta yi tsatsa. Bayan wasan ba da jimawa ba ƙungiyar ta watse, Baba ya ƙare a tuƙin motar rarraba burodi har ya tsufa. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin.

Ni ce Auta, kuma ni kaɗai ce a gidan nake tsayawa har ƙarshe. Mama, da an kai wajen "gashi har kafaɗa" sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Yayana kuwa, babban ɗan Baba, tsaki yake ja a fili. Tun yana ƙarami ya taɓa ɗaukar jitar Baba a gaban baƙi, Baba ya fizge ya ce masa hannunsa na dako ne, ba na kiɗa ba, baƙin suka yi dariya. Yaya yanzu yana da ƙaton shagon kayan wuta, yana da tumbi da furfura, amma wallahi maganar nan tana nan a maƙogwaronsa.

Wata rana ina shagona na ɗinki, mijin wata mai kawo min aiki, wanda ya san labarin, ya miƙo min wayarsa. Ashe wani tsohon masoyin 'Yan Tsawa ya shiga filin ran nan da rakoda a cikin riga. Yanzu ya tono kaset ɗin a kwali, ya ɗora a intanet, a wani dandali na masu musayar tsofaffin wasanni. Ya rubuta a ƙasa cewa a yi haƙuri da sautin, cikinsa manne yake da dandamali.

Haƙuri kam ana bukatarsa. Kamar ruwan sama ne a kan kwano ana kuma suya a gefe. Ihu, shuuu, ƙugi, wata mata tana ta kiran sunan ƙawarta, can ƙasa ka ɗan ji ganga da wani abu mai kama da jita. Na sa ya turo min a wayata, na kai wa Baba na kara masa a kunne. Ya saurara har ƙarshe, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ya motsi.

"Ina ciki," ya ce. "Ga ni nan a ciki, amma ba a jina. Auta, ki fito da ni. Yaran nan su ji da kunnensu tun ina da rai, kar su ce kakansu maƙaryaci ne."

To wa zai ji wannan ya zauna?

Aka kwatanta min wani mai gyaran sauti da ake ce wa Mai Kunne, a saman wani shagon fenti. Ɗakin ƙarami ne, bango duk an manne shi da kwalin ƙwai, fanka a kashe don kar ta yi ƙara, ni kuwa zufa har cikin takalmi. Shi dai dogo ne siriri, yana magana a hankali kamar akwai jinjiri a ɗakin. Ya sa abin a kwamfuta, sai ga sautin ya fito a hoto, ja da ruwan ɗorawa. Ya nuna min da bayan biro. Wannan dogon layi na ƙasa ƙugin janareta ne. Wannan hazo na sama shuuu ɗin kaset ne. Waɗannan ɗige-ɗigen tafi ne. Kaset ɗin ma ya saki, yana jan waƙar ƙasa, sai an ɗaga ta.

"Zai gyaru?" na ce.

"Tankaɗe ne, 'yar'uwa. A hankali ake yi."

Da na dawo karɓa, idanunsa sun yi ja. Ya ɗora min abin ji a kunne ya danna. Kai jama'a! Tsigar jikina sai da ta tashi. Ganga ta fito da ƙirjinta, muryar Ƙaho ta fito, sannan aka zo wurin nan, jitar ta miƙe tsaye ita kaɗai. Tana hawa, tana kuka, tana saukowa a guje ba ta taka kowa ba. Na rufe baki da mayafi na yi kukana. Ashe dai Babana ba cika baki yake yi ba.

"Fayil biyu zan ba ki," in ji Mai Kunne. "Haka nake aiki. Ɗaya gari, ɗaya dusa. Garin shi ne wanda kika ji. Dusar kuma duk abin da na tankaɗe ne na fitar, ba na zubarwa. Mai kaya ya saurari dusarsa tukuna, ya tabbatar ban kwashe masa wani abu mai amfani ba. Ki zauna ki ji."

"Ni in zauna in saurari shara? Malam, na bar shago a buɗe."

"Akwai wata ƙaramar sifika da take kusa da mai rakodar, ita ta fi ba ni wahala. Tana ta gurnani tana shiga ƙafar jitar. Da ƙyar na raba su."

"Allah ya saka da alheri da ka raba su," na ce, na sauko.

A gidan Yaya manyan sifikoki suke, irin na shagonsa, don haka na tura masa fayilolin duka biyu na ce ya shirya mana zama. Washegari ya kira ni, muryarsa fes, har da tambayar lafiyar Baba, abin da bai saba ba. Ya ce a bar masa komai. Zai tara jikoki, zai kira maƙwabta, har ma ya samo lambar Ƙaho, zai aika mota a ɗauko shi. Na ce a raina, to, jini dai jini ne, yau Yaya ya sauko.

Ranar Asabar da rana muka je. Na aske wa Baba gemu, na sa masa farar riga mai maɓalli, shi kuma ya dage sai an tafi da gwangwanin alawa. Mama ta ce kanta yana ciwo. Na ce ko ciwon me take yi sai ta je, na kusan ɗaga mata murya, ta sa takalmi ta biyo mu.

Falon Yaya ya cika. Jikoki a ƙasa kan kafet, maƙwabta a kujeru, matar Yaya tana zagayawa da lemo. An ajiye keken Baba na marasa lafiya a tsakiya, daidai tsakanin sifikokin. Ƙaho ya iso a makare, ƙato, kansa a aske tal, zobe a kowane yatsa, ya cika ɗakin da turare da murya.

"Walƙiya! Kai ne ka koma haka? Ina gashin?"

Baba ya yi dariya har yana tari. Ƙaho ya gaida Mama, ita kuwa ta amsa tana kallon kafet.

Yaya ya sa garin. Ba na jin zan sake ganin fuskar Baba kamar yadda na gan ta a lokacin. Da jitar ta miƙe, jikokin suka daina taɓa waya. Wani maƙwabci ya ce, "Kai! Tsoho, kai ne wannan?" Baba ya rufe ido, ya ɗaga hannun hagu a iska, yatsunsa suna danna tsirkiyoyin da babu su. Na lura yatsun ba sa tafiya tare da kiɗan. Kiɗan ya hau, su suna ƙasa, kiɗan ya tsaya, su suna tafiya. Na ce ciwon ne, Allah sarki, har hannun mai lafiyar ya taɓa.

Aka yi tafi. Matar Yaya ta yi guɗa. Baba yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Kun ji ko? Kun ji ko?"

Sai babbar 'yar Yaya ta ce, "Kaka, to ina wurin da tsirkiyar ta tsinke? Ni ban ji ba."

Baba ya kau da kai ya ce, "Mai gyaran ne ya goge. Ya ɗauka datti ne."

"Ashsha," in ji Yaya, yana murmushi. "Ai kuwa ba ya zubar da komai. Akwai na biyu, wai shi dusa. Mu ji abin da aka cire mana, ko don dariya."

Mama ta miƙe. "Kai, bari. Ya isa haka."

"Zauna mana, Mama. Shara ce kawai."

Ya danna.

Da farko ba komai sai ƙugi da shuuu da matar nan mai kiran ƙawarta, yara suka fara ƙyalƙyala. Sannan wata jita ta fito, siririya, a kusa sosai, kamar a cikin ɗakin take. Tana bin waƙar a baya tana tuntuɓe. Ta kama hanya ta saki, ta hau inda ba a hawa, ta yi wani ƙiii da ya sa matar Yaya toshe kunne. Jikokin suka kwanta a kafet don dariya. Maƙwabcin nan da ya yabi Baba ɗazu yana share hawaye yana cewa, "Wane sakarai ne wannan? Wa ya ba shi jita?"

Ni ma, Allah ya sani, bakina ya fara buɗewa.

Sai aka ji tas. Bayan tas ɗin, murya ta fito, ta saurayi, mai ƙarfi, ba karkata a cikinta, amma ko a kabari na ji ta zan gane ta.

"Ke tsinanniya, yau kika ga dama?"

Dariyar ba ta tsaya lokaci ɗaya ba. Manya ne suka fara yin shiru, ƙananan suka ci gaba, har ƙaramin cikinsu ya nuna Baba da yatsa ya ce, "Lah, Kaka ne!" Jitar kuwa ba ta san an gane ta ba, ta ci gaba da tsirkiya biyar, ta fi da muni. Yaya bai kashe ba. Ya tsaya jikin sifika ya harɗe hannuwa a kan tumbi har sai da fayil ɗin ya ƙare don kansa.

Baba ya juya wuyansa da ƙyar ya dubi Ƙaho. "Wannan tawa ce. To ɗayar fa?"

Da Ƙaho mutum ne da ya yi ƙarya. Ƙarya ɗaya, ƙarama, ta ishe mu. Amma sai ya buga cinya ya kwashe da dariya.

"Wai kana nufin har yau ba ka sani ba? Haba, Walƙiya! Gajere ne mana. Ka manta Gajere, mai ɗaukar mana kaya? Yana bayan manyan sifikoki a zaune kan akwati, jitarsa aka jona wa layin da jama'a ke ji. Kai wayar jitarka a 'yar sifikar gaban ƙafarka ta tsaya, don ka riƙa jin kanka kar ka tsargu."

"A wannan wasan?"

"A kowane wasa! Gajere yana da hannu amma ba shi da fuska, in ya ga taro rawar jiki yake yi. Kai kuma kana da fuska, ga gashi, ga tsalle. 'Yan mata don kai suke sayen tikiti, wallahi ba na rage maka wannan. Ai taimakon juna aka yi. Tambayi matarka mana, a bayan dandamali take tsayawa da jakarka, kusa da Gajere."

Duk ɗakin ya juya ga Mama. Ita kuwa ta gyara mayafi ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "To me zan ce masa? Yana jin daɗinsa."

Na tashi. Ban san duk abin da na faɗa ba, amma na san na kira Ƙaho tsohon banza a gaban jama'a, na ce ya kwashe zobbansa ya fita. Na juya kan Yaya na ce Allah ya isa tsakanina da shi, ya ji abin nan tun ranar da na tura masa, ya kwana da shi, ya tashi ya sayo lemo.

Ko a jikinsa. Ya tako har gaban keken Baba, ya durƙusa kamar mai gaisuwa, ya kama hannun hagun nan ya juya shi yana dubawa.

"Baba," ya ce a hankali, "ashe gado na yi."

Baba ya janye hannunsa. Gwangwanin alawa ya zame daga cinyarsa ya faɗi, murfin ya buɗe, tsirkiyar ta gangara ƙarƙashin kujera. Ni na durƙusa na lalubo ta, na tura keken muka fita, ba wanda ya raka mu ko bakin ƙofa.

Na yi zaton a nan abin zai tsaya, ashe Yaya bai ƙoshi ba. Ya ɗora fayilolin biyu a dandalin da aka samo kaset ɗin, ya rubuta bayani dalla-dalla. Garin, masoya suka yi ta godiya, suna tambayar ko Gajere yana raye. Dusar kuwa ta fi garin yawo. Yaran layinmu suka yanko wurin tsinkewar suka mai da shi ƙarar kiran waya. Kana zaune a falo sai ka ji daga waje, tas, ke tsinanniya, yau kika ga dama, sannan wani ya ce alo. Na fita da muciya sau ɗaya, suka watse suna dariya, suka dawo.

Na koma wajen Mai Kunne don in sauke masa nasa kason. Ya bar ni na gama faɗa tas, sannan ya ce, "Na ce ki zauna ki ji." Na fita na buga masa ƙofa har kwalin ƙwai ɗaya ya faɗo.

Baba ya daina ba da labari. Mai motsa masa hannu ta zo, ta gama aikinta a shiru, da za ta tafi ta ce, "Baba, yau ba tsirkiya?" Ya juya fuska bango. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar loma biyu. Mama takan zauna a bakin gadonsa tana tsince wake, ba ya kallonta, ita ma ba ta matsa ba. Ni kuma haushin kowa nake ji, har da shi, don ya sa na yi shekaru ina tsayawa har ƙarshen labari.

Wata safiya ina goge masa fuska da tawul sai ya ce, "Auta, sa min wasan."

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce to, ko ya fara haƙura ne. Na ɗauko waya na sa garin, jitar nan mai kyau ta fara hawa. Ya girgiza kai.

"Ba wannan ba. Nawa."

"Baba, don Allah."

"Nawa na ce."

Na sa masa dusar. Ƙugi ya cika ɗakin, matar nan ta kira ƙawarta, siririyar jitar ta shigo da tuntuɓenta. Baba ya rufe ido ya ɗaga hannun hagu. Na tsaya da tawul a hannu ina kallon yatsun nan da na ɗora wa ciwo laifi. Inda jitar ta makara, suka makara. Inda ta zame, suka zame tare da ita. Inda ta yi ƙiii ɗin nan, ƙaramin yatsansa ya miƙe ya danna daidai wurin. Ba su saɓa ko sau ɗaya ba. Da aka zo tas, leɓɓansa suka motsa tare da saurayin, sannan yatsun suka tsallake tsirkiyar da babu, suka ci gaba da biyar har ƙarshe.

Ya sauke hannun a kan bargo. Ya daɗe yana kallon silin.

"Filin ya girgiza fa, Auta," ya ce. "Ina tsaye a kai, na ji a ƙafata."

"Na sani, Baba."

"Sake sawa."